Gishiri a Ruwan Furanni

…a karkace, ba a miƙe ba. Haka Auta ta ce. A yanke karan a karkace don ya sha ruwa sosai, a tsige ganyen ƙasa kada ya ruɓe a cikin kwalba. Na ce mata na ji. Ta sake faɗa, tana riƙe da wayarta a gaban fuskata, wata mata a ciki tana yanka tana murmushi kamar abin ba komai ba ne. To ai ba komai ba ne. Ni da na ƙare rayuwata da almakashi a hannu, furanni ne za su gagare ni?

Inna, da kina raye da kin sha dariya. Jikarki ce za ta yi aure gobe, autata, wadda kike cewa ta fi ƙarfin zanin goyo, kuma ta rantse ba za ta ɗauko masu ado ba. Kowane tebur a zauren biki sai an ɗora masa fure a tsakiya, kuma da hannunmu. Da hannuna dai. Ita tana wajen gyaran gashi, yayarta tana kan masu girki, babansu ya fita tun da safe yana can yana faɗa da masu kujeru. Ni kaɗai a falo, ni da bokitai. An ture kujeru gefe, an shimfiɗa leda a kan kafet, gidan duk warin ɗanyen ganye kamar an yanke ciyawa bayan ruwan sama.

Fari a tsakiya. Ruwan hoda a kewaye. Ƙananan nan masu kama da kumfa a cike gurbi da su. Kada ya yi tsawo, in ji ta, kada ya tare fuskar mutane, na wannan gefen tebur ya ga na wancan gefen. Cokali ɗaya na sukari a ruwan kowace kwalba don su kai gobe da ransu. Sai a ɗaura zaren ado a wuyan kwalba.

Farin nan… yaya ma sunansa? Mai ƙaya. Na san shi mana. Ga ƙayarsa a babban yatsana, ga ɗigon jini. Suna ne kawai, kowa yana manta suna. Yana nan a bakina, yana nan…

Wardi! Wardi. Kin gani? Ya dawo. Kullum yana dawowa, sai dai ya ɗan tsaya a hanya.

Ke ma haka kike cewa da farko.

A'a. Ba yau ba. Yau ranar aiki ce.

Kina tsaye a kicin da ludayi a hannu kina juya shi, kina kallonsa kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Kika ce, wannan abin, wannan abin na ɗiba. Muka yi dariya, har da ke. Wallahi mun yi dariya, Inna, don ba mu san me ya shigo gidan ba. Daga ludayi sai hanyar gidan ƙanwarki. Daga nan sai murhu a kunne har tukunya ta ƙone ƙurmus. Sai ranar da nake taje miki kai, kina zaune a tsakanin ƙafafuna kamar ƙaramar yarinya, kika waiwayo kika ce, baiwar Allah, ba ki ga 'yata ba? Ta tafi makaranta har yanzu ba ta dawo ba. Na ce tana hanya. Me zan ce? Furfura a kaina, na ce miki tana hanya.

Wannan ya yi tsawo. A rage. Hannuna lafiya lau, ki duba, ko rawa ba ya yi. Hannu bai manta komai ba. Ba hannun ne ke ba ni tsoro ba.

Na ce wa mutanen gida ido ne. Da na rufe shagon ɗinki na ce idona ya gaji da zare, suka yarda, babansu har ya sayo mini sabon tabarau. Ban ce musu na yanka hannun riga na hagu sau biyu a yadin matar nan mai aikin banki ba, na zauna ina kallonsu a kan tebur, hagu da hagu, ban san yaushe na yanka na biyun ba. Ni da awon kowace mata a unguwa yake a kaina, ko ta yi ƙiba ko ta rame. Ban kuma ce musu ranar nan na tsaya a mararrabar da ke gaban kantin magani, mai shuɗiyar ƙofa, da ledar cefane a hannu, ban san dama zan bi ko hagu ba. Titin da na aurar da babbar 'yata a kansa! Motoci suna wucewa, mai faci yana kallona, ni kuma na sunkuya ina gyara takalmin da babu abin da ya same shi, har Allah ya sa gidan ya dawo mini.

Bayan biki. Bayan biki zan je asibiti. Ni kaɗai, ba wanda zai sani. Gobe kawai nake roƙo, gobe ɗaya. In tsaya a bakin zaure, in gane kowa, in kira kowa da sunansa, in yi murmushi a hoto. Domin idan dangin ango suka ji… Kakarta ta yi, uwarta ta fara. Wa za su kalla? Ita za su kalla. Ta manta makulli a mota, su haɗa ido. Ta sa wa miya gishiri sau biyu, uwar miji ta yi shiru irin shirun nan. Yarinyar da ko lambar wayar makarantarsu ta firamare ba ta manta ba. Ba zan kai mata wannan cikin kayan ɗaki ba. Ba zan…

Jere ya yi kyau a jikin bango. Wallahi ya yi kyau. Rana ta shigo ta taga ta faɗa a kan kwalaben, zaren yana sheƙi. Sai dai na ƙarshen nan, me ya sa suka sunkuyar da kai? Yanzu fa na sa su. Zafi ne? Fanka tana juyawa. Wataƙila tun daga wajen mai furanni suka…

Gwangwanin nan mai jan murfi. Me yake yi kusa da ƙafata?

Sukari yana cikin mai shuɗin murfi. Ko kuwa? Shuɗi sukari, ja gishiri. Tun da muka tare a gidan nan haka yake. Shuɗi sukari. To me ya kawo ja falo? Ga cokali a ciki, a jiƙe.

A'a. A'a, a'a.

In ɗanɗana. Yatsa ɗaya kawai, a bakin kwalba.

Gishiri.

Innalillahi… Wannan fa? Gishiri. Wannan? Gishiri, har da ɗacin ganye. Wannan… zaƙi. Zaƙi! Alhamdulillahi, na farkon duk zaƙi ne. Ke nan da sukari na fara. Ke nan akwai lokacin da na tashi, na tafi kicin, na ajiye shuɗi, na ɗauko ja, na dawo na zauna na ci gaba. Yaushe? Ban tashi ba. Na rantse tun da suka fita ina nan a kan ledar nan. Ƙafata ma ta yi sanyi don zama. To wa ya je kicin? Wace mata ce ke yawo a gidana da jikina, tana buɗe kabad, tana taɓa kayana, ta dawo ta zauna a wurina ba ta gaya mini ba?

Ke ma kin san ta, Inna? Haka take zuwa? Kina jin shigowarta, ko sai ta tafi kike ganin ɓarnarta?

Tashi. Ba lokacin kuka ba ne. A zubar da ruwan, a ɗauraye kwalabe, a wanke karan, a sake yanke ƙasan. Wataƙila su farfaɗo. Fure ai ba mutum ba ne, ruwa mai kyau kawai yake so. Bokiti ina? Ga shi. Kafin su dawo. Ba wanda zai sani, in goge ledar, in mayar da ja kicin. Wannan ya yi laushi kamar tsumma, wuyansa ya karye. Wannan ma. Fararen ne suka fi jin jiki, kuma su ne na tsakiya, su take so. Zan ce zafi ne. Zan ce mai furanni ya cuce mu, ya ba mu na jiya. Allah ka yafe mini, bawan Allah bai yi mini komai ba.

Ruwa ya jiƙa mini zani har gwiwa. Bakina duk gishiri.

Ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Wa? Ba yanzu ba… Ja, ina zan sa ja? Bayan labule? Ƙofar ma a buɗe take, ga shi ya turo da kafaɗa. Wani saurayi, dogo, farar riga, rungume da babban bokiti cike da fararen wardi. Fararen wardi! Allah mai ji. Yaron mai furanni ne, an aiko da ƙari. Ya ajiye, ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina wuni? Ya hidima?"

Yaro mai ladabi. Muryata ta fito daidai, ki ji ta, ko rawa babu. Na ce lafiya lau, ɗan nan, sannu da ƙoƙari, ajiye a can. Na ce ka gaya wa maigidanka mun gode, amma na safen nan ba su da ƙarfi, duba yadda suka kwanta.

Bai tashi ba. Yana durƙushe, yana kallon leda.

Ga Auta a bayansa, kai a ɗaure da gyale, rabin gashin a nannaɗe. Yaushe ta shigo? Tare suke? Me zai haɗa Auta da yaron mai…

"Kai, Mama da tsokana! Surukin naki kike aika wajen maigidansa? Don dai ya yi aski."

Suruki.

Shi ne. Shi ne mana. Ga tabon nan a girarsa. Ya zauna a falon nan, a kujerar can, ya kasa haɗiye ruwa don kunya ranar da ya fara zuwa. Ni na auna masa kafaɗa da idona na ce wa Auta rigarsa ta yi masa yawa. Shi ne zai tafi da ita gobe. Na kalli fuskarsa, na kalle ta sosai, babu abin da ya motsa a raina, kamar fuskar mai wucewa a titi.

"Askin ne, Mama," in ji shi, yana shafa kai yana dariya. "Yau kowa sai ya tambaye ni ko ni ne."

In yi dariya. Ina yi. Ga ta tana fita.

Amma da sauri ya faɗa. Da sauri ƙwarai, kamar maganar tana ajiye a aljihunsa. Kuma ba su kalli juna ba. Mutum biyu suka ji uwa ta kasa gane surukinta ana gobe biki, ba wanda ya zaro ido, ba wanda ya ce lafiya? Auta ta tsallake ruwan da ke kan leda kamar ba ta gan shi ba. Ta sunkuya, ta ɗauki mai jan murfi, ta riƙe shi a bayanta, tana ba ni labarin mai gyaran gashi da surutunta. Ba ta tambayi me ya kawo gishiri falo ba. Ba ta tambayi me ya kwantar da furannin ba.

Bokitin nan kuma… Ban kira kowa ba. Ban gaya wa kowa sun lalace ba. Wa ya ce a kawo ƙari? Farare zalla, daidai waɗanda za a nema. Tun da safe ke nan aka saye su. Tun kafin in taɓa almakashi aka ajiye su a wani wuri, ana jira.

Sun sani.

Ita, da shi. Da yayarta ke nan. Da babansu da tabaraunsa. Duk wannan ɓoyon da nake yi, ina gyara takalmi a titi, ina rufe shago, su suna bayana suna kwashe abin da na zubar, a hankali, kada in ji ƙara. Shi kuma ya sani, ya san kakarta, ya ga uwarta, ga shi durƙushe a falona yana tsige ganye da manyan yatsunsa, bai iya ba, yana karya karan.

Auta ta zauna a jikina, kan jiƙaƙƙiyar ledar, da kayanta masu kyau. Ta ɗora kai a kafaɗata. Man gashinta yana ƙamshi. Hannunta a kan nawa, da ɗumi, ta matse kaɗan. Na san matsin nan. Ni na san shi, haka nake yi miki.

Na gaji, Inna. Ƙashina duk ya yi nauyi.

Ina so in tambaye ta. Auta, tun yaushe? Me kuma na yi da ban sani ba? Maganar tana nan, ta hau har maƙogwaro, na buɗe baki… Ta ɗago tana kallona, tana jira, idonta a shirye, kamar mai amsa a hannu.

Idan na riga na tambaye ta fa? Idan jiya ma na tambaya?