Koren Biron Darakta

"Ni ba sai da na'ura nake ganin cikin ƙasa ba," in ji Darakta Uthman. "Shekara talatin ina wannan aiki. Ido ya isa."

Ya zaro koren bironsa, wanda ba a yi wa musu a duk hukumar, ya zana da'ira a kan doguwar takardar da Injiniya Rukayyat ta shimfiɗa masa. Daidai zurfin mita ɗari shida.

Kwana huɗu ta yi a bakin rijiyar gwajin da hukumar ta haƙa don neman tururin ƙarƙashin ƙasa can Nasarawa, tana zura na'urar auna zafi har zurfin mita dubu. Inda layin zafin ya karkace a takarda, nan dutse ya tsage, ta nan ruwan zafi ke shigowa. Ya karkace a mita ɗari bakwai da arba'in. Gobe kuwa za a toshe duk abin da ke wajen da'irar da siminti, har da tsagar.

"Ranka ya daɗe, ga wannan wurin kuma..."

"Wannan? Hannunki ne ya yi rawa."

A baranda ta tarar da Philip, shugaban masu haƙa.

"Hajiya, kar ki dube ni," ya ce. "Ni koren biro nake bi. Ko tsakiyar tafkin Jabi oga ya zana, nan zan kai motar siminti."

Ta koma tebur ta sake buga sakamakon. Takarda mai tsawon tabarma ta matse ta a shafi ɗaya.

"Ranka ya daɗe, waccan ta ƙi shiga fayil. A taimaka a sake mana da'irar a nan."

Darakta bai taɓa zana ƙaramar da'ira ba tun da ya fara aikin gwamnati. Wannan ta haɗiye mita ɗari uku, tsagar na ciki.

Bayan mako biyu rijiya ta yi aman tururi. Aka yi taro, aka tafa.

"Ba na faɗa muku ba?" in ji Darakta.

Ran Litinin takarda ta sauko. Tunda an tabbatar ido ya isa, an rufe sashen awon rijiya. Ita kuma Rukayyat an mai da ita ɗakin ajiye fayil, saboda ƙwarewar da ta nuna a wannan fanni.

Ta karanta sau biyu, ta lalubi shuɗin biro a jakarta, ta sa hannu.