Ƙofar Direba

"Nan da saura," in ji Inna, tana shafa gefen motar da tafin hannu.

"Haba Sufeto, wurin da nake gugarsa tun safe?" Baba Direba ya tsoma samfefa, takardar gugar ƙarfe, a bokitin ruwa, ya koma kan wurin yana tari.

Tela yana kallonsu daga bakin shagonsa, da allura a baki. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan tsohon, ga kuma tsohuwar jif ɗin nan a rumfar ƙofar gida, an manne gilasanta da jarida. Idon Inna ya daɗe da rufewa, don haka mijin ya naɗa ta mai duba aiki. Shi ya goge, ita ta shafa. Inda ta ce da saura, ko da rantsuwa fenti ba ya hawa wurin.

Ba don ado ake wannan wahala ba. Inna tana da ƙanwa guda a ƙetaren kogi, cikin duwatsu, inda ko waya ba ta shiga. Ƙafafun ƙanwar sun mutu, ba ta iya zuwa, kuma an aiko cewa jikin ya yi tsanani. Ba motar da ke hawa hanyar sai irin wannan, ita ma sai da rani. Da ruwa ya sauka kogin ya kawo, sai baɗi.

Abin da ke ci wa Tela rai shi ne, injin ya tashi tun tuni. Shi da kansa ya taya turi ranar da ta yi gurnani ta cika unguwa da hayaƙi.

"Baba, ku tafi haka nan mana," ya ce. "Fenti ne ke jan mota? Likita ma ya hana ka shaƙar wannan abu. Kuma wadda za ka ɗauka ɗin, ka yi haƙuri Inna, ai ba gani take ba."

Tsohon ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya dube shi sama da ƙasa. "Kai dai ɗinki ka sani. Ita ba ta gani, amma ai za a gan ta. A motar nan na ɗauko ta daga gidansu tana walƙiya. In mayar da ita cikin tsatsa, su ce abin da na yi da 'yarsu ke nan?"

"Motar ce ke walƙiya ko ni?" in ji Inna.

"Ku duka. Yanzu kuwa ɗaya kaɗai ke karɓar fenti."

Ta lalubo tsumma ta jefa masa, bai same shi ba, tsumman ya faɗa bokiti.

Haka aikin ya yi ta tafiya, tafiyar hawainiya. Baba ba ya fenti in akwai iska, don kada ƙura ta manne. Ba ya ƙara shafi sai na fari ya bushe ƙarau. Ya faro daga ƙofar Inna, ya bi ta baya, ya zagayo gaba, shuɗi mai duhu yana cin tsatsa kaɗan-kaɗan. Ƙofarsa ta direba ya bari ƙarshe, wai mai gida shi ke cin ƙarshen tukunya. Tela kuwa kullum sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda gajimare ya fara taruwa da yamma. Tarin tsohon ma ya canja murya, yana fitowa daga can ƙasa.

Wata rana da hantsi Tela ya ji faɗuwar bokiti. Ya bar keken ɗinki yana juyawa ya fito. Ya tarar da Baba zaune a ƙasa, ya jingina da taya, ruwan guga ya jiƙa masa wando, samfefa na hannunsa. Inna tana tsaye a ɗaya gefen tana cewa, "Malam? Ka yi shiru. Malam?"

Ga mota da mai a ciki, ga mabuɗi a jiki, amma duk layin ba wanda ya iya tuƙa ta. Sai motar haya aka tsayar. Tela ya rungume shi a kujerar baya, ya ji tsohon ba nauyi, kamar ɗaurin yadi. A hanya ya buɗe ido.

"Tela."

"Na'am, Baba."

"Na bar gwangwanin fenti a buɗe. Ka rufe, kar ya bushe. Ƙofa ɗaya ta rage."

Bai sake magana ba. Kafin a gama neman gado a asibiti, rai ya yi halinsa.

Tela ya rufe gwangwanin da ya dawo. Ya danna murfin da dunduniya, sai kuka ya ƙwace masa, ya tsuguna a bayan motar ya yi mai isarsa. Haushin tsohon yake ji, kewarsa kuma ta fi haushin yawa.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ya shiga neman wanda zai kai Inna. Da ƙyar ya samo wani direban da ya san hanyar, amma direban ya ce ba shi da sarari sai jibi. Tela ya zo ya faɗa mata, ta ce Allah ya kai mu. Sannan ta ce ya kama hannunta ya fitar da ita wurin motar.

Ta fara daga ƙofarta. Ta bi gefe tana shafawa a hankali, ta zagaya baya, ta zo gaba. Iska ta taso mai sanyi, jaridun gilashi suka hau kaɗawa. Da hannunta ya iso ƙofar direba, ya sauka daga santsin fenti ya hau wurin da aka bari rabin guga, sai ya tsaya.

"Nan da saura, Malam," ta ce.

Ta ɗan karkata kai tana jiran amsa, yadda ta saba. Tela ya kau da fuska.

A lokacin ne ɗigon farko ya bugi kwanon rumfar, wani ya biyo, sannan sama ta saki gaba ɗaya. Inna ta saurara. Ta fi kowa sanin abin da wannan ruwa yake nufi ga kogi.

"Buɗe mini wajena," ta ce.

Ya buɗe, ta hau ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗora hannuwa a cinya. Ya rufe mata ƙofar a hankali. Feshin ruwa yana shigowa rumfar, yana gangarewa a kan shuɗin fenti, a ƙofar direba kuwa sai ya tsaya ya jiƙa ƙarfen.