Sawu da Burbushi

Ranar Laraba, ashirin da shida ga Afrilu, kwana arba'in da uku cif bayan ya karanta wata takardar asibiti, tsohon Hedimasta yana tsaye a bakin ɗakin maƙwabcinsa Mai Agogo, ya kasa shiga, ya kasa komawa. A ciki wata nas ce zaune a gefen gado tana jujjuya katin asibiti, 'yar Mai Agogo kuwa tana riƙe da kofin ruwan da ubanta ya daina iya haɗiyewa.

"Tun cikin Maris muka aiko a nemo shi," in ji nas ɗin. "Wanda muka aiko ya tarar da shago a rufe, sai ya tura takardar ta ƙasan ƙofa. Da mara lafiyan ya zo asibiti a lokacin, da wata maganar ake yi."

"Ai mun gan ta," in ji 'yar. "Baba Hedimasta ne ya karanta mana."

Ba da zargi ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Shekara ashirin da bakwai katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma Mai Agogo bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Ƙamus. Ranar sha huɗu ga Maris ya sami Hedimasta a kan benci cikin mutum huɗu, ya miƙa masa 'yar takarda.

"Ƙamus, ga abincinka. Me mutanen nan suka ce?"

Babu komai a jikinta sai sunansa, da lambar katinsa, da kalma ɗaya ta Turanci da jan biro, an ja mata layi biyu: trace. Hedimasta ya taɓa ganinta a sakamakon gwajin fitsarinsa, ga kuma idanu a kansa. Ko tabarau bai nema ba.

"Burbushi ke nan," ya ce. "Ɗan abin da ya rage, wanda bai taka kara ya karya ba. Ciwo ya tafi, ƙurarsa ce ta saura."

"Ashe na huta da layin asibiti?"

"Ka huta. Koma ka gyara mini agogona da ka riƙe wata uku."

Aka yi dariya, aka watse.

Sai yanzu, da jin maganar nas, ɗaya ma'anar ta faɗo masa, wadda ya shekara talatin da ɗaya yana koya wa ɗalibai: bin sawu, neman mutum har a gano inda yake. Takardar ba labarin ciwo take bayarwa ba. Umarni ne a nemo shi da gaggawa.

Mai Agogo ya buɗe ido, ya hango shi.

"Ƙamus, shigo mana. Ko sai an rubuto maka da Turanci?"

Ya shiga, ya durƙusa a gaban gadon, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Kalmar nan fuska biyu gare ta," ya ce, a gaban nas da 'yar. "Na sani tun kafin a haifi yarinyar nan. Na faɗa maka mai daɗin, ban tsaya na duba ba, don kada a ce Hedimasta ya yi shakka. Nemanka suke yi. Ni na hana ka zuwa."

'Yar ta ajiye kofin a hankali.

"Da ka ce in koma," in ji Mai Agogo, yana jan numfashi tsakanin kalmomi, "da na nemi wani ya sake karanta mini. Abin da nake so in ji, shi ka faɗa." Ya huta kaɗan. "Agogonka yana aljihun tebur. Na gyara tun tuni. Na riƙe ne don ka riƙa zuwa faɗa."

Ya rasu ranar Juma'a da hantsi. Bayan mako biyu 'yar ta kawo agogon da hannunta, ta gaishe shi kamar kullum, amma ba ta zauna ba. Aka kwashe kayan shago, teburin ya bar tabo huɗu a kan siminti, daidai inda ƙafafunsa suka tsaya, shara ba ta fitar da su ba.

Hedimasta ya ƙara shekara shida a duniya. A cikinsu duk wanda ya kawo masa takardar asibiti ba ya karanta masa. Takalmi yake sawa, ya raka shi.