Gadar da Umma Ta Zo Gani

Likita ya ce idon Umma ba zai kai ƙarshen shekara ba. Da muka tambaye ta abin da take son gani kafin nan, gada kawai ta ambata, mai igiyoyin ƙarfen nan da take gani a talabijin. Saboda ita muka kwaso jiki gida guda muka zo birnin da gadar take. Ranar ƙarshe muka hau motar zagaya gari mai hawa biyu, wadda mutum ke sauka inda ya ga dama ya jira ta baya.

Matsalar gidanmu, ba mu iya rabuwa ba. In mutum ɗaya ya sauka, kowa sai ya sauka. 'Yar Yaya ta ce fitsari, muka sauka. Matar Yaya ta hango shagon takalma, muka sauka. Mijina ya bar hularsa a kan benci, muka taka da ƙafa muka koma nemanta. Kowane karo sai Umma ta bi matsattsen benen motar tana lalube, ina riƙe da jakarta, mai yi wa fasinjoji jawabi yana ta zuba tarihin gine-ginen da ba wanda ya tambaye shi.

Na ce, "Yaya, ku bar ni da Umma mu wuce, ku same mu a can."

"A garin da ba mu san kowa ba? Tare muka zo, tare za mu tafi."

Haushi ya cika ni, amma ko ƙarfin musu ba ni da shi. Ƙafafuna sun kumbura, yara sun yi laushi. Da ƙyar muka samu motar ƙarshe, rana ta yi sanyi.

Umma na zama ta jingina kai da kafaɗata, barci ya ɗauke ta. Can sai ga gadar a gabanmu.

A gidanmu kuwa ba a tashin Umma daga barci. Tun muna yara ko ƙofa ba ma bugawa in ta kwanta. Na kalli Yaya, shi babba, ya kalli matarsa, ita kuma ta yi wa 'yarsu ido, yarinyar ta maƙale kafaɗa. Na ɗaga hannu zan taɓa ta, Yaya ya raɗa mini, "A hankali, kada ki firgita ta." Ina ta kiran "Umma" can ƙasan maƙoshi, har tayoyin motar suka sauka daga kan gadar.

Birkin direba ne ya tashe ta a tashar ƙarshe.

"Mun kusa?"

"Mun wuce, Umma. Kina barci."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

"To, ku da kuke da ido, ku ba ni labari. Yaya take?"

Babu wanda ya kalli gadar a cikinmu, duk Umma muke kallo.