Tarwadar da Ba Ta Son Murfi

Duk bikin da za a yi a danginsu Jamila, Goggo Tani ce ke yanke abin da za a dafa. Ƙanwar mahaifinsu ce, tana zaune a Yakasai, kuma in ta ɗanɗana abu ta girgiza kai, magana ta ƙare. Da bikin Maryam, ƙanwar Jamila, ya matso, sai Jamila ta ƙudurta a ranta cewa kwaɗonta na tarwada zai shiga abincin walima.

A Bangkok ta koyo shi, lokacin da ta raka mijinta Abdulbaƙi saro takalma. Wata Musulma mai sayar da abinci kusa da masaukinsu ce ta nuna mata. A turara tarwada, a cire ƙaya, a daka tsokar ta yi laushi kamar auduga, a barbaza ta cikin mai mai zafi. Nan take za ta kumbura ta haɗe kamar raga, ta yi ja, ta yi ƙaras-ƙaras. Sai a zuba mata yankakken ɗanyen mangwaro da albasa da attaruhu, da ruwan lemon tsami, ɗan sukari da soyayyar gyaɗa.

Jamila ta soya a gidanta na Shahuci. Abincin babba ba a kai shi a buɗe, don haka ta juye komai a kula, ta danne murfi, ta hau adaidaita zuwa gidan Goggo. Goggo kuwa ba a yi mata gaisuwar tsaye. Sai da Goggo ta tambayi labarin Abdulbaƙi, da mahaifiyarsa, da ciwon gwiwar mahaifiyar, da akuyar gidansu da ta haihu. Ana cikin haka aka kira la'asar. Bayan an idar aka buɗe kula.

Ragar nan ta kwanta, ta jiƙe sharkaf. Goggo ta ɗebi kaɗan ta tauna a hankali.

"'Yar nan, suya kika yi wa kifin nan ko wanki?"

"Goggo, ba haka yake ba da na sauke shi."

"Ni dai haka na same shi. Kuma ɗanyen mangwaro ai na masu sabon ciki ne, ni kuwa na bar haihuwa tun kafin ki yi haƙori. Farfesu za mu yi."

A gida Abdulbaƙi ya yi ta dariya, ya ce, "Ke ma kin san a can daga kasko sai baki." Jamila ta ɗaga murfin kular, ta ga yadda gumi ya taru a jikin murfin.

Da aka kwana biyu ta koma Yakasai da kasko da ɗan risho, dakakken kifi a roba ɗaya, haɗin mangwaro a wata. Ta durƙusa ta gai da Goggo, ta ba da labarin gwiwa da na akuya tun ba a tambaya ba, har kyanwar gidan ta tambayi lafiyarta.

"Goggo, akwai sauran wanda ba mu gaisar ba?"

"Ke, ban son iyayi. Me za ki yi da kasko a tsakar gidana?"

Jamila ta kunna wuta. Mai ya yi zafi, ta barbaza kifi, ya tashi fuu ya cika kaskon. Ta tsame, ta zuba mangwaro a kai, ta miƙa a buɗe da hannu biyu. Goggo ta harari farantin da ba murfi, amma ta sa hannu. Ƙarar taunar har ƙofar ɗaki ana ji. Ta ƙara ɗiba, ta sake ƙarawa.

"Wannan ai dambun kifi ne ya hau jirgi ya dawo da girman kai," in ji Goggo, tana tsince gyaɗar da ta rage. "Za a yi shi. Amma tunda ba ya jira, ranar walima ke za ki zauna gaban kasko kamar mai ƙosai, kina soyawa ana ɗauka."

"Da ankona, Goggo?"

"Da ankonki da gwaggwaronki. Akwai saura a robar nan?"

Jamila ta ƙara wa rishon wuta.