Motar Ta Yi Wa Yaya Tsawo

Injin yana lilo a jikin sarƙa, bai kai ƙasa ba, wayar Mai Janwe ta sake ƙara a aljihu. Bai ɗauka ba. Ya san mai kiran, ya kuma san abin da za ta ce. Ya ci gaba da sassauta sarƙar a hankali har injin ya zauna daram a kan tsohuwar tayar da aka ajiye masa a ƙofar gareji.

"Wannan ai na tifa ne," in ji Guntu bakanike, yana zagaya shi. "Wata rana sai ka karya wa motar nan baya."

"Ta ɗauki wanda ya fi shi. Ba ni ruwa da tsumma, sauri nake yi."

Guntu ya ɗauka hannu zai wanke. Sai ya ga mutumin ya haye ciki yana goge kujerar gefen direba, har da lungun da ƙura ta shekara ba a taɓa ta ba. Yau ake sallamar yayan Mai Janwe daga asibiti. 'Yar Yaya za ta tafi da shi gidanta, a garin mijinta, inda za ta iya kula da shi. Mai Janwe bai yi musu a kan wannan ba, don shi ɗaki ɗaya gare shi kuma ba mai ba mara lafiya ko ruwa in ya fita. Abu ɗaya ya kafe a kai: shi zai kai Yaya, a motarsu, a kujerarsa.

Motar a-kori-kura ce tun asali, amma wanda ya ƙera ta ma da ya gan ta yanzu sai ya tambayi sunanta. Yaya ne ya kawo shawarar. Suka ƙara mata ganyen sifirin, ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta, suka sa manyan tayoyi, suka canza mata inji mai ƙarfi, suka kafa ƙarfen ɗaga kaya a baya mai sarƙa da ƙugiya. Ta tashi sama har sai mutum ya kama ƙarfen ƙofa ya yunƙura kafin ya shiga. Matar Mai Janwe, Allah ya jiƙanta, ranar da ta fara ganinta haka cewa ta yi in ba a sayo mata tsani ba ita da motar nan har abada. Ta kuwa cika maganarta.

Da motar nan shi da Yaya suka ci abinci shekara da shekaru. Duk inda mota ta mutu ko ta kafe a laka, su ake kira. Mai Janwe yana gaba yana ja, Yaya yana cikin matacciyar motar a baya yana riƙe da sitiyari da birki. In an dawo da kaya, tsakaninsu sai tsawon sarƙa. Hira kuwa a hanyar zuwa ake yinta, Yaya a kujerar gefe, ƙafa a kan gaban mota, yana kushe tuƙin ƙanensa tun daga gida har wurin aiki. Tun da ɓarin jikin Yaya na hagu ya shanye, Mai Janwe ke fita shi kaɗai. Kewa ta ishe shi. Wani lokaci sai ya ji kansa yana ba kujerar amsa.

A ƙofar asibiti maigadi ya ɗaga kai ya dubi motar, ya ce ba za ta shiga ƙarƙashin rumfa ba, sai dai ta tsaya a fili. Can 'yar Yaya ta turo mahaifinta a keke, mijinta na biye da jaka da filo.

"Baffa, tun ɗazu nake kiranka."

"Ga ni ai, 'yata." Ya durƙusa gaban keken. "Yaya, ina wuni? Ya jiki?"

Yaya bai dube shi ba, motar yake kallo. Rabin bakinsa ya yi murmushi, ɗaya rabin ya ƙi bi. "Taya... ta baya," ya ce da ƙyar. "Iska."

"Na gani, zan sa."

"Ƙarya."

Daɗi ya kama Mai Janwe har ya rasa inda zai sa kansa. Rabon da a ƙaryata shi haka tun kafin ciwon. Ya buɗe ƙofa, ya gyara filo a kan kujera, ya juyo ya sa hannu a hammatar Yaya.

Mutumin da ke duban inji sau ɗaya ya faɗi ko mutum nawa za su ɗaga shi, sai ga shi bai san nauyin ɗan'uwansa ba. Inji yana da wurin kamawa, kuma inda ka sa shi nan yake zama. Yaya kuwa ko'ina ka kama sai ya sulale. Surukin ya riƙe ƙafafu, wani ma'aikacin asibiti ya zo ya tallafi baya. Suka ɗaga shi har kafaɗarsa ta kai bakin kujera, ƙafar hagu ta maƙale a ƙarƙashin ƙofa, rigarsa ta tattare ta bar cikinsa a waje. Mutane suka fara tsayawa kallo. Suka mai da shi keke, suka huta, suka sake. A karo na biyu kansa ya bugi ƙarfen ƙofa, ya yi wani nishi da Mai Janwe bai taɓa jin irinsa daga bakinsa ba.

"Ku sauke shi," in ji 'yar. "Don Allah ku sauke shi."

Yaya na haki a keke. Da numfashinsa ya dawo, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna bayan motar, inda ƙarfen ɗaga kaya yake tsaye. Ya zagaya ƙirjinsa da yatsa.

"Ɗaura... majanyi. A hankali."

Mai Janwe ya gane nan take. Akwai faffaɗan majanyin da suke ɗaure inji da shi in ba sa so sarƙa ta ƙwarzane shi. A zagaya shi a ƙirji da cinya, a juyo da ƙarfen ta gefe, a ja kaɗan-kaɗan, mutum ya tashi sumul ba tare da an murɗa masa ko gaɓa ɗaya ba. A ganinsu su biyun babu hanyar da ta fi wannan tausayi. Har ya haye baya ya warware majanyin, ya saki ƙugiya tana saukowa tana ƙara.

"Baffa, me za ka yi?"

"Ba zai ji komai ba. Mun ɗaga abin da ya..."

"Babana ne fa!" Muryarta ta fashe. "A gaban mutane za ka rataye shi kamar kayan gwangwan? Baffa, ka dubi Allah."

Ya tsaya da majanyin a hannu. Daga saman motar ya ga abin da take gani: mata a bakin baranda, wani ya riga ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, ga yayansa a ƙasa, ƙarami, miyau na bin gefen bakinsa. Kunya ta rufe shi. Ya naɗe majanyin ya sauko.

Motar surukin 'yar ƙarama ce, ƙasa-ƙasa. Aka matso da keken, aka juya Yaya sau ɗaya, sai ga shi a zaune. Ko minti ba a yi ba. Aka loda wa Mai Janwe gadon ƙarfe da katifa da keken da buhun magunguna, kayan da motarsa ba ta ma san an ɗora mata ba.

Ya bi su a baya. Daga inda yake a sama, rufin motarsu kawai yake gani, sai in an sha kwana ya hango ƙeyar Yaya ta jingina da gilashi. Tafiyar ta yi masa tsawo. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya tanadi labarai da yawa don wannan hanyar, na direban da ya sa man girki a birki, da na tirelar da ta kwanta a gada, duk suka tafi tare da shi ba wanda ya ji.

A gidan, shi ya haɗa gadon a wani ɗaki mai taga ɗaya. Ya ɗaure kowace ƙusa har sai da ya tabbata gadon ba ya motsi, ya ƙara dubawa, don dai ya sami dalilin daɗewa. Da aka kwantar da Yaya, 'yar ta ce likita ya ce a riƙa mai da shi ana dubawa duk wata, mijinta zai riƙa kai shi.

Yaya ya kamo hannun rigar ƙanensa. "Shi," ya ce. "Shi... zai kai ni."

"Baba, ka ga dai yadda aka yi ɗazu."

Yaya ya daɗe riƙe da rigar, sannan ya saki, ya juya fuskarsa bango.

'Yar ta rako Mai Janwe har ƙofa da ruwa a kofi. Idonta ya yi ja. "Baffa, ka yi haƙuri da yadda na yi maka magana. Kada ka wahalar da kanka, za mu iya. Ka dai riƙa leƙo mu."

"Ba komai, 'yata. Gaskiya kika faɗa."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya iso gareji. Guntu ya taso da sauri yana goge hannu. "Ina ka shiga? Masu haƙar yashi sun zo nemanka har sau nawa. Motarsu ta nutse a bakin rafi, sun ce ba mai shiga wurin sai kai."

Mai Janwe ya diro. Ya zagaya motar, ya dafa tayar baya, ya ji lallai iskarta ta ragu.

"Guntu, sauke min ita."

"Me zan sauke? Ai ba kaya a kai."

"Motar. Cire ƙarin sifirin, ka mai da mata ƙananan tayoyi."

Guntu ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya daina. "Ka san abin da kake faɗa? In na cire, ba kai ba shiga laka. Inji irin na ɗazu kuwa, ka ɗora mata sai ta zauna a ƙasa. Sai dai ka koma dakon katifa da kujeru."

"Na sani."

"Su suka ce ka sauke?"

"Cewa suka yi kada in wahalar da kaina."

Guntu ya dube shi, ya dubi motar, ya tafi ya jawo jak. "To, har ina kake so ta sauka?"

Mai Janwe ya waiga, ya ga wata kujerar roba a gindin bango. Ya ɗauko ta ya ajiye a gefen ƙofar fasinja, ya zauna, ya saki hannunsa na hagu ya faɗi a cinya kamar na Yaya. Da na daman ya miƙa, ya laluba jikin motar, ya tsaya inda ya iya kaiwa ba tare da ya tashi ba.

"Har nan," ya ce.