Amon da Likita Ke Nema

Shagon Baba bai fi ɗakin kwana girma ba, kuma rabinsa gawarwakin rediyo ne da amfilifaya, wato akwatunan ƙara sauti, waɗanda masu su suka manta da su. Shekara arba'in ya yi yana gyaran kayan sauti a kan benci ɗaya, gaban taga ɗaya. Ni ce autarsa. Tun da na gama makaranta nake zama a teburin bakin ƙofa, ina karɓar kaya, ina amsa waya, ina fama da masu rantsuwar cewa jiya-jiya abin lafiyarsa ƙalau.

Shekara biyu ke nan kunnen Baba yana ja da baya. Bai faɗa wa kowa ba, ni ma ban faɗa ba. Ya koyi bin bakin mutum da ido, har baƙo ba zai gane komai ba in dai yana fuskantarsa. Wajen aiki kuwa muka samu hanyarmu ba tare da mun taɓa zama mun tsara ta ba. In ya gama gyara ya kunna, sai ya ɗago ya dube ni. In akwai gurnani a ciki, na taɓa kunnena. In amo ya fita tas, na ci gaba da rubutuna. A zatona ƙananan sautuka ne kawai suka guje masa, manyan suna isa.

Asirinmu ya tonu ranar da na fita sayo dalmar liƙi. Yaya ya shigo ya tarar da wata amfilifaya tana ihu a bayan Baba, hayaƙi har ya fara fita, shi kuwa yana ta liƙinsa hankali kwance. Yaya malamin makaranta ne, ya saba in ya yi magana a yi shiru. Na dawo na same shi a tsaye gaban benci, idonsa ya yi ja.

"Baba, ya isa haka," in ji shi. "A rufe shagon nan ka dawo gidana ka huta. Ba zan jira wuta ta cinye ka ba."

Na ji haushinsa, amma na san tsoro ne ya sa shi. Na kuma san in aka raba Baba da bencin nan, zama zai yi a tsakar gida yana kallon bango har ya ƙare.

Baba ya ajiye ƙarfen liƙi a hankali. "Ka san Likita, mai jita?"

Duk layinmu an san shi. Likitan haƙori ne, mutum mai sanyin hali, amma yana da ciwo guda da babu asibitin da zai warkar. Akwai wani shahararren makaɗin jita na ƙasar waje, gwanin kiɗan bulus mai haɗe da rok, wanda ya rasu tun Likita yana ɗalibi. Shekara goma Likita yana neman jitarsa ta yi amo irin na mutumin nan. Ya sayi jita irin tasa, ya sayi tsohuwar amfilifaya mai kwalabe irin tasa, kwalaben nan masu kama da ƙwan fitila da sai sun ɗauki zafi suke magana. Duk da haka amon ya ƙi zuwa. Baba yana kiran marigayin "ubangidan Likita".

"Asabar zai kawo kayansa in daidaita masa," in ji Baba. "Ka zo ka zauna. In bai samu abin da yake nema ba, ni da hannuna zan miƙa maka makulli."

"Na yarda," in ji Yaya. Sai ya juyo ya harare ni. "Amma ke ba a gabansa za ki zauna ba. Kin ɗauka ban lura da ƙaiƙayin kunnen nan naki ba?"

 Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi kuwa an tsayar mana da ranar.

Asabar da la'asar Likita ya iso, ya yi sawu uku tsakanin motarsa da shago. Bayan jita da amfilifaya, ya shigo da wani faffaɗan katako da aka jera ƙananan akwatuna tara a kai, masu launi-launi, waya ta sarƙe su. Feda ake kiransu, da ƙafa ake taka su, kowace da abin da take yi wa amo: wata ta sa shi kaushi, wata ta sa shi amsa-kuwwa, wata ta sa shi rawa.

Baba ya duƙa ya ƙare musu kallo, sannan ya ɗago ya dubi Likita. "Duk ubangidan naka ya taka waɗannan?"

"An ce a lokuta daban-daban ya yi amfani da su, Baba."

"Kai kuma ka haɗa su rana ɗaya. Takalminsa fa, shi ma ka saya?"

Likita ya yi dariya yana sosa ƙeya. Yaya bai yi ba. Ya ja kujera ya zauna gefen benci, inda Baba ya ajiye makullin shago a fili, ya nuna mini wani tsohon akwati a bayan Baba. Nan na zauna, hannuwana a cinya.

Baba ya ce in haɗa wayar Likita da lasifikar amfilifayar, a sa masa kiɗan marigayin. Na haɗa na koma mazaunina. Da kiɗan ya fara, sai ya shimfiɗa tafinsa a jikin katakon akwatin amfilifayar ya rufe ido. Ya sa aka maimaita sau uku. A na ukun ya ɗauki doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a katakon, ya cije mariƙinta da haƙoransa na gefe.

"Haba Baba!" Likita ya zabura. "A gabana?"

Baba bai ga bakinsa ba, don haka bai amsa ba. Da ya gama ya goge mariƙin a rigarsa, ya ce, "To, kaɗa naka mu gani."

Likita ya rataya jita, ya taka feda huɗu a jere, ya kaɗa. Allah ya sani yatsunsa sun iya, amma abin da ya fito kamar zuma ce aka rufe a gwangwani. Hannuna ya yi ta son tashi zuwa kunnena, na danne shi da ɗayan. Ko na taɓa ma wa zai gani?

Baba ya mayar da tafinsa kan katakon, ya yamutsa fuska. "Taron tsintsiya ba shara," ya ce. Ya durƙusa ya fara zare wayoyi. Duk fedar da ya cire sai ya miƙa wa Yaya, Yaya kuma ya rasa yadda zai yi ya ƙi karɓa, har suka taru bakwai a cinyarsa. Likita yana kallonsu kamar ana fitar masa da 'ya'ya daga gida. Biyu suka rage, mai kaushi da mai amsa-kuwwa, su ma Baba ya murɗe maɓallansu ƙasa har saura ƙiris su mutu.

Daga nan ya koma kan amfilifayar. Likita a kan biyu yake ajiye ƙararta, saboda matarsa da maƙwabta. Baba ya kai ta huɗu, ya tsaya, tafinsa a kan katako. Ya kai shida. Kwalaben suka yi jawur ta bayan akwatin, ƙamshin ƙura mai zafi ya cika shagon. Da ya kai takwas gilashin taga ya fara kaɗawa, tela na kusa da mu ya leƙo da almakashi a hannu, ya ga Baba ne, ya koma.

"Rage ƙarar jikin jitar," Baba ya ce da ƙarfi. "Ƙara ragewa. Yawwa, tsaya nan. Kwalaben nan sai sun yi gumi suke ba da abin da ke cikinsu. Kai ka hana su aiki, ka ɗora wa 'yan akwatuna."

Likita ya sake kaɗawa. An matso, wannan kam kowa ya ji. Amon ya yi kauri, zumar ta fita daga gwangwani. Amma yana da tsini, yana sukan kunne, na marigayin kuwa ba ya suka. Likita ya dubi ƙasa. Mutum ne da ba ya iya ƙarya, kuma ba ya iya ɓata wa dattijo rai, sai ya tsaya a tsakani yana murmushin dole. Yaya ya dubi makullin. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci.

Baba bai kalli fuskar kowa ba. Ya sake cije sukundirebar, wannan karon idonsa a buɗe, a kan hannun Likita na dama. Ya daɗe a haka. Sai ya tashi ya kama wuyan hannun.

"Likita, haƙori kake cirewa?"

"A'a, Baba."

"To me tsirkiya ta yi maka? Na ubangidanka a hankali yake shigowa tafina, sai daga baya ya kumbura. Naka duka yake fara yi. Shafa ta za ka yi, ka bar akwatin ya yi maka aikin. Sai ka zo inda za ta yi kuka, sannan ka danna." Ya ja hannun daga gindin jitar zuwa kusa da wuyanta. "A nan. Kuma sassauta ɗan robar nan da kake kaɗa ta da shi, ba guduwa zai yi ba."

Likita ya ja numfashi, ya shafa tsirkiya ɗaya, ya tura ta sama da yatsa.

Amon ya fito da ɗumi, da kauri, da ɗan kaushi a bakinsa, ya tsaya a cikin ɗakin ya ƙi mutuwa.  Likita ya yi cak, ya sake, ya kuma sakewa, sannan ya zarce da kiɗan gaba ɗaya. Da ya kai ƙarshe ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi Baba shi ne. Shekara goma!"

 Yaya ya sauke fedojin nan bakwai ɗaya bayan ɗaya a kan benci, sannan ya tura makullin gaban Baba da yatsa.

"Gobe zan kawo fitilar da ke walƙiya in ta ji hayaƙi," ya ce. "A gabanka za a kafa ta. Kuma in Auta za ta fita, a kashe komai."

"An ji, Malam," in ji Baba. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, na tashi na hau naɗe wayoyin da ba su buƙatar naɗi.

Yaya ya taya Likita kai kaya mota, suka tafi. Shagon ya yi tsit, sai ƙamshin kwalabe da bai gama fita ba. Baba ya zauna a kujerarsa yana murza tafinsa, wanda ya yi ja. Na zo wucewa ya riƙo gefen mayafina, na juyo na fuskance shi.

"Auta," ya ce, ya rage murya duk da ba kowa. "Ya yi kuwa?"

Na ɗauka wasa yake. "Baba, taga fa har rawa take."

"Na ga tagar. Na ga idon Likita ma, amma likitoci sun iya ladabi. Ke nake tambaya."

"Ba ka ji ba? Ko kaɗan?"

Ya girgiza kai. "Girgiza kawai, a hannu da haƙori. Tun bara ba abin da ke shigowa."

 Tausayinsa ya kama ni, kuka ya taso mini, na haɗiye shi don yana kallon bakina. Na durƙusa daidai fuskarsa, na buɗe baki sosai yadda ba zai rasa ko kalma ɗaya ba.

"Ya yi, Baba. Ban taɓa jin jita mai daɗinsa ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya jawo wata rediyo da ke jiran layi, ya juya bayanta, ya fara kwance ta.

"To, koma teburinki," ya ce. "In na kunna zan ɗago."